Ba a Tsakiyar Ruwa Jirgin Yake Lalacewa Ba

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni me ya sa mutum zai sayi jirgin ruwa na shan iska sabo fil, kafin wata ya zagayo ya dawo mana da shi gareji yana tsaki. Har ka ce ko masu ƙera su ne ke ha'inci. A'a ɗana, ƙyale masu ƙira su huta. Mafi yawan abin da ake kawo mana, tsakanin ƙofar gida da bakin ruwa aka yi ɓarnar, musamman a kan gangaren simintin nan da ake sauke jirgi.

Ka san ɗan ramin da ke can ƙasa a bayan jirgi, wanda ake buɗewa ruwa ya tsiyaye idan an fito? Toshiyarsa ba ta fi babban yatsanka ba, amma ta ba manya kunya. Ni ma ta ci ni, ina kamar shekarunka. Maigidana ya ce in sauke jirgin wani mutum a gwada inji. Na sauke, na ɗaure, na tafi ajiye mota ina taƙama. Ina dawowa na tarar takalman mai jirgin suna yawo a ciki kamar agwagi. Na sa hannu aljihu in ɗauko makulli, sai na ji toshiya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka lissafa abin da ya shiga cikin minti goma. Maigidana bai ce uffan ba, bokiti kawai ya miƙo mini. Tun ranar, da na cire toshiya nake rataye ta a sitiyarin jirgi, inda ba yadda za a yi in tayar da inji ban gan ta ba.

Sai baya-baya da tirela, wato amalanken da ake ɗora jirgi mota ta ja, wanda shi ne wasan kwaikwayon da masu zama bakin ruwa ke kallo kyauta. Sabon shiga zai murza sitiyari dama, tirela ta yi hagu. Ya rikice ya ƙara murzawa, ta lanƙwashe ta daki gefen motarsa. Ga abokinsa a baya yana ihu, dama, dama, ba wanda ya san damar wa yake nufi. Maganin ba wuya. Ɗora hannu ɗaya a ƙasan sitiyari, inda kake so gindin tirela ya nufa, can za ka kai hannun, kaɗan kaɗan. Idan ta fara karkacewa kada ka yi gardama da ita, ja gaba ka miƙe ka sake. Kuma ka sani gajeriyar tirela ta fi doguwa taurin kai, don ita nan da nan take juyawa. Ka ce wa mai jirgi ya je fili inda ba kowa ya koya, ba ranar hutu da motoci goma a bayansa ba.

Igiyoyi kuma kowace da lokacinta. Maɗauran baya guda biyu ana kwance su kafin a shiga gangare. Wanda ya manta zai ga jirgi ya ƙi rabuwa da tirela, ya ƙara shiga ruwa, jirgin ya taso ya ɗago tirelar gaba ɗaya, shi kuma yana ta turawa yana gumi. Ƙugiyar gaba ita ce akasin haka, ba a sakinta sai gindin jirgi ya taɓa ruwa. Na ga wanda ya sake ta tun daga sama, tirelarsa mai ƙananan tayoyin roba ce a ƙarƙashin jirgi, ya taka birki sau ɗaya, jirgin ya sulale ya zauna daram a kan siminti, saura taku biyar ya kai ruwa. Birkin hannu kuwa ba sai na faɗa ba. Gangaren nan gansakuka ce a kansa, santsi kamar sabulu.

Yanzu bar dariya, ga wanda ke iya kashe mutum. Ƙwallon ƙarfen da ake maƙala tirela a bayan mota ba girma ɗaya ba ne. A Amurka akwai mai inci 1 da 7/8, da mai inci 2, da mai inci 2 da 5/16. A Turai milimita 50 ne. Bakin tirela mai inci 2 zai hau kan ƙaramin ƙwallo ya zauna kamar lafiya lau, sai an faɗa rami a hanya ya tsinke. Don haka kullum nake sa ka kulle, ka sa jak ka ɗaga: idan bayan mota ya biyo, ya kama. Sarƙoƙi biyun nan kuma a gicciye ake sa su a ƙarƙashi, don in bakin ya fita su tare shi kada ya caki kwalta. Nauyin da ke danna ƙwallon ya zama kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na dukan kayan. Masu tara jarkoki da kaya a bayan jirgi su ne tirelarsu ke kaɗa gindi a kan titi. In ta fara, a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari sosai, kada a danna birki da ƙarfi.

Boris ɗin tayar tirela da muka canja shekaranjiya, ka ga tsatsar da ke ciki? An yi doguwar tafiya ya yi zafi, aka tsoma shi ruwan sanyi nan take, ya zuƙo ruwa cikin giris. Da an jira ɗan lokaci ana shirya kaya, da ya huce.

Akwai kuma masu tayar da inji a ƙofar gida don maƙwabta su ji ƙara. Cikin ƙafar injin akwai wata 'yar farfela ta roba mai tura ruwan sanyaya, ruwan ne kuma ke jiƙa ta. In ta juya a bushe, ko minti ɗaya ba ta kaiwa ta ƙone. Duk lokacin da ka tayar, fara duba ɗan fitsarin ruwan nan da ke fita ta gefe. In babu, kashe.

Mutumin da ya zo da safe yana rantsuwa injinsa ya mutu, ka lura ban taɓa sufana ba? Jar igiyar nan da direba ke ɗaurawa a hannu, wadda ke kashe inji in ya faɗa ruwa, ita ce ba a maƙale ba. Tana cikin aljihun rigarsa. Na roƙe shi aro, na maƙala, na murza makulli.

Gobe zai dawo mu raka shi gwaji. Kai za ka yi baya-baya, ni ina gefe da bokiti.