Wasa na cijewa: a taɓa saiti kafin a taɓa aljihu

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Laftof ɗina na da katin hoto GTX 1650. Sabbin wasanni suna cijewa. Abokina ya ce in kunna DLSS, na duba ban gan shi ba. Ko in sayar in cika kuɗi in sayi wata?"

Ƙanena, dakata da sayarwa. DLSS ba za ka gan shi ba, domin Nvidia ta keɓe shi ga katunan RTX, waɗanda suka fara fitowa a 2018. Naka shi ne FSR na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2021, kuma yana aiki a kan kati irin naka. Aikinsu iri ɗaya ne: wasan ya zana hoton a ƙarami, sannan a faɗaɗa shi ya cika allo. In allonka 1080p ne ka zaɓi Quality, 720p katin ke zanawa, ƙasa da rabin ɗigon hoton ke nan. In ka sauka zuwa Performance, 540p ne, kwata kacal, a nan za ka ga ciyawa da gashi da wayoyin lantarki suna ta rawa a allo. Ka tsaya a Quality.

Sannan ka shiga saiti. Inuwa da hazo su ne masu cin ƙarfi, ka mayar da su Medium ko Low, da wuya idonka ya lura ana tsakiyar gudu. Ingancin fatar bango da tufafi kuwa ma'ajiyar katin yake ci, taka 4GB ce, kada ka wuce Medium a manyan wasanni. In wasan labari ne, ka kulle shi a hoto 30 a daƙiƙa. 30 da ke tsaye cak ta fi 50 mai faɗowa 20 daɗin hannu. Kuma caja a jone, laftof ba ta sakin ƙarfinta a kan batir.

Wani daga Kaduna ya ce ya ga manhajar da ke "ƙara RAM, ta buɗe DLSS a kowane kati", ana biya kafin a sauke. Shin ya kamata ya biya?

A'a. RAM abu ne da ake riƙewa a hannu a soka cikin kwamfuta, ba a sauke shi ta intanet. Tambayar nan ta sha zuwa, amsar ba ta canja ba. Akwai fasahar gaske mai cusa ƙarin hotuna tsakanin na asali, a DLSS 3 da FSR 3, amma sai wasan yana kaiwa wajen 60 da kansa take daɗi. In ka ɗora ta a kan 25, lambar za ta hau, hannunka kuma zai ji nauyi.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wata uwa ce daga Kano. Ɗanta ya ci jarrabawa, ta tara kuɗi ta saya masa kati sabo fil a kwali, an rubuta GTX 1050 Ti 4GB, a farashin da ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna. Wasa yana buɗewa, bayan 'yan mintoci ya rufe da kansa. Tana tsoron ko yaron ne ya lalata shi.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuma don Allah kada ki yi wa yaron faɗa. Allah ya saka miki da alheri kan abin da kika yi masa. Abin da nake zargi shi ne jabu aka sayar miki, kuma wannan cutar ta daɗe tana yawo. Ana ɗauko tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a canja bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, a sa masa sabon murfi da fanka. Windows za ta karanta sunan ƙarya ta nuna 4GB, alhali galibi 1GB ne a ciki. Da wasa ya nemi fiye da abin da ke nan, sai ya faɗi. Daidai abin da kika bayyana.

Ki sa yaron ya duba bayan katin. In akwai shuɗiyar kafar VGA, alama ce babba, domin tsarin GTX 1050 Ti na 2016 ya riga ya bar irin wannan kafa. In an haɗo da faifan direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin, direban GTX 1050 Ti na shafin Nvidia kuma ya ƙi shiga, alama ta biyu ke nan. Sai ya sauke GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, kyauta ce. Kati na gaske zai nuna 768 a layin Shaders, GTS 450 kuma 192, sau da yawa ma manhajar tana rubuta FAKE a gaban sunan. Ku ɗauki hoton allon, ku koma shagon da rasit, tare da babban namiji na gida ko wani da ya san harkar. In mai shago ya yi gardama, kasuwa tana da shugabanni.

Ga sauran masu karatu, abin nan yana ƙona mini rai. Mutum zai yi wata da watanni yana tari, ya je ya miƙa kuɗi saboda kwali mai ƙyalli, bai ce a kunna masa ba. Araha ba ta ado. Kati mai shekaru da yawa a ce sabo ne a leda, a rabin kuɗi, me ya sa ba za ka tsaya ka yi tambaya ba? Ko na hannu ne, a soka shi a gabanka, a buɗe GPU-Z, a kunna wasa mai nauyi na minti 20, ka saurari fanka, ka duba zafi. Masu neman katin RX 580 su lura: na asali 2304 yake nunawa a layin Shaders, akwai wani mai 2048 da ake sayarwa da suna ɗaya, ƙarfinsa kusa da RX 570 ne, kada a karɓi kuɗin babba a ba ka ƙarami. Da yawansu kuma sun yi shekaru dare da rana wajen haƙar kuɗin kirifto. A rubuta maka kwanakin mayarwa a rasit. Mai shagon da ya ce ba wuta, ba zai tada janareta ba, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.

Ta ƙarshe daga Sakkwato: laftof na gudu lafiya da farko, bayan ɗan lokaci sai ta yi sanyin jiki, tun shigowar bazara.

Zafi ne, ɗan'uwa. In ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu ta toshe fankar, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya canja man rage zafi da ke kan injin. Ka daina ɗora ta a katifa, ka ɗaga bayanta iska ta shiga, in da hali ka bar wasan sai rana ta yi sanyi.