Wane keken BMX ya dace da mai farawa?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara hawan BMX, ƙaramin keken nan na tsere da tsalle-tsalle, amma ka rasa wanda za ka saya, na tsere ko na wasan gwaninta.

Duka biyun tayarsu inci 20 ce, giya ɗaya. Na tsere ba shi da nauyi, an ƙera shi don gudu a filin ƙasa mai tuddai, irin wanda yaran Kalifoniya suka fara a farkon shekarun 1970, har ya shiga gasar Olamfik a Beijing a 2008. Tunda a titi da siminti za ka yi wasa, na gwaninta ne naka, shi ke jure duka. Ka nemi mai jikin ƙarfen chromoly, wato wani nau'in ƙarfe mai ƙwari, ko da na hannu ne, amma ka duba wuraren walda da kyau, nan ne yake tsagewa.

Abin da ya fi damuna, masu farawa na cire birki don sun gani a YouTube. Kada ka yi. Ka fara koyon ɗaga tayoyi biyu a fili kafin ka tunkari tudu, kuma kullum da hular kwano.

In taya ta karkace, kai wa mai gyaran keke. In kuwa ka bugu a ka har ka ji jiri ko amai, ka tafi asibiti a ranar.