Amsar Baffa kan maganar ankon kakanku

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na sa ƙanwarka ta sake karanta mini, don na zaci idona ne ke mini gizo. Wai kun yi shawara a zaurenku na WhatsApp za ku yi taron tunawa da kakanku, ku kama ɗakin taro, ku fitar da anko da hotonsa a ƙirji, kana tambaya ko al'ada ta yarda, kuma da can yaya ake yi. Na yi dariya har da tari. Mutumin da sai da aikin hajji ya tilasta masa sannan ya tsaya gaban mai hoto, shi za ku manna wa 'yan mata a ƙirji su yi ta yawo da shi? Allah ya jiƙan Baba. Dariyar dai ba ta daɗe ba, don na lura duk cikinku babu wanda ya tambayi ko wane irin mutum ne.

Abin da kuka sani kawai ɗan kasuwa ne a Akra. To goro ne ya kai gidanmu can. Kakanninmu fatake ne na hanyar Gwanja, su da jakunansu, watanni suna tafe. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a 1892 sai mutanenmu suka bazu, wasu Kumasi, wasu suka gangara har bakin teku. Daga nan harka ta juya: a sayi goro a dajin Asante, a ɗaure huhu, jirgin ruwa ya kai Ikko, jirgin ƙasa ya haura da shi Kano, tunda layin dogo ya isa can a 1911. Shi kansa Alhassan Ɗantata ya bi wannan hanya kafin ya koma kan gyaɗa. Baba bai kama ƙafarsa ba, amma yana da sito a unguwar Tudu da gida mai ɗakunan baƙi a Sabon Zango, duk cikin Akra. Kafin a buɗe tashar Tema a 1962 jirgi ba ya matsowa gaɓa a Akra, can nesa yake tsayawa, mutanen Ga, 'yan asalin garin, su ɗebi kaya a kwale-kwale daga Jamestown suna kokawa da igiyar ruwa. In huhu ya sha ruwan gishiri, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri.

Shi mai gida ne irin na zango. Baƙo ya sauka wurinsa, ya ci ya kwana, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in bashi ne, ya karɓi la'adarsa. Ni aikina kwance huhu, in fitar da mai sankara, in canza ganye, in yayyafa ruwa. Mutane kuma suna kawo masa ajiya, don a lokacin ba kowa ya yarda da banki ba.

Ran 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin firayim minista Busia ta fitar da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. A cikin azumi ne. Wace takarda? Akwai waɗanda a nan aka haifi iyayensu, ba su taɓa tunanin su baƙi ba ne. Zango ya rikice. Yarabawa su suka fi yawa, da yawansu mutanen Ogbomosho, ga Zabarmawa, ga Mosawa, ga namu Hausawa. Mutum ya fito da gadonsa da kwanukansa bakin hanya yana neman ko nawa ne. Dillalai suka yi ta zuwa wurin Baba suna cewa ga gida ana sayarwa kuɗin akuya, ga shago cike da atamfa, ya saya mana tunda shi ya samu takardarsa. Ya ce mahaifinsa ya gaya masa, abin da ka saya a hannun mai kuka, da kukan za ka shiga da shi gida. Ko cokali bai saya ba.

Ana saura kwana kaɗan wa'adi ya cika, bayan an idar da asham, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka kunna fitilar aci-bal-bal, aka jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Ya aika yara gida-gida, duk mai ajiya ya zo. Ni aka ba riƙon fitila. Littafinsa da ajami yake rubuta shi, kowane suna da abin da ya kawo da shaidunsa. Ya kira suna, mutum ya matso, a kwance ƙullinsa a gabansa, a ƙirga, ya ce ya cika, Baba ya ja layi. Wani ƙullin da tsumman da aka kawo shi aka mayar da shi, har da tsofaffin fam na kafin Gana ta koma kuɗin sidi a 1965, waɗanda sun daina ci. Wani tsoho Bazabarme ya karɓi nasa ya zauna yana ta kuka, ba don kuɗin ba, wai ina zai sake samun wanda zai ba ajiya. Da aka gama da masu ajiya sai ya juya shafin waɗanda yake bi bashi. Duk wanda tafiya ta kama, ya ja masa layi shi ma. Yayanmu, mahaifinka ke nan, ya yi gyaran murya ya ce Baba, ai jarin ne gaba ɗaya. Baba bai ɗaga kai ba, ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda aka kora da tabarma a ka ba a bin sa da littafi. Muna nan har mai kiɗan sahur ya zagayo. Hannuna ya ƙage, amma wa ya isa ya ce ya gaji.

Kasuwar ba ta sake miƙewa ba, gaskiya. Masu saye sun tafi, mu ma daga baya aka turo mu gida ta Aflao da Lome da Kwatano. Shi ya ƙi tasowa. Cewa yake inda mutum ya ci arziki, nan ya kamata ƙasa ta ci shi.

Da ya rasu abin da aka yi bai da yawa. Aka yi masa sutura, aka sallace shi, liman ya yi shela duk mai bin marigayi bashi ya fito. Babu wanda ya fito. Sai da aka zauna karɓar gaisuwa ne mutane suka riƙa zuwa daga Ikko da Ibadan da Yamai, suna ajiye kuɗi gaban mahaifinka, wai bashin da aka ja wa layi ne. An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, an sauke Alƙur'ani, an raba waina da goro. Yanzu malamai sun rabu kan waɗannan, wasu na yi wasu na cewa bidi'a ne, wannan ka kai wa malaminka, ni ba na fatawa. Ɗakin taro da anko dai ban gani ba, ban kuma ji an yi wa wani ba.

Abin da ke ci mini rai, ku jikokinsa kun fi a ƙirga, kowa da waya a hannu, amma yaushe rabon waninku da taka ƙafa Sabon Zango? Yaron shagonsa yana nan a unguwar Nima a Akra, ya tsufa, idonsa ya tafi. Iyayenmu cewa suke zumunta a ƙafa take. Sannan akwai suna ɗaya a littafin nan da ba a ja wa layi ba, wata Bayarabiya mai keken ɗinki, ta tafi ba ta zo ta karɓa ba. Keken yana ɗakin Gwaggonku har yau, littafin ma yana wurinta, sai dai ban san ko a cikinku akwai mai iya karanta ajami ba. Ka kira ni bayan Isha'i in gaya maka sunan unguwarsu a Ogbomosho, ka kuma faɗa mini wa ya kawo shawarar hoton nan.