Kafin ka sayi shanun tatsa goma, fara ƙirga harawar watan Afrilu

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya tara kuɗin da za su sayi shanu goma, yana da fili a bayan gari, kuma yana son ya riƙa kai wa masu fura da masu yogot madara. Yana so ya san ko ya sayi goman a tashi ɗaya, da kuma ko ya nemi irin na Turai.

Alhaji, Allah ya sa wa niyyar albarka. Shawarata ita ce kada ka sayi goma. Sayi shida, kuɗin sauran huɗun ka mayar da su abinci da ruwa da magani. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a wannan sana'a ruwan cikin shi ne abin da ka tanada a rumbu.

Da damina kowa gwani ne a kiwo, ciyawa na ko'ina. Asarar tana zuwa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, daji ya ƙone, harawa ta yi tsada. A nan za ka ga saniyar da ka saya da ƙiba ƙashin ƙugunta ya fito, kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, hantsar ta yamutse. Irin wannan saniya ba madara kaɗai take ragewa ba, ɗaukar ciki ma jinkiri take yi, kuma duk watan da ta yi ba ciki ba tatsa, kai kake ciyar da ita a banza. Kai da ka san farashin gero da kaka da farashinsa da bazara, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Lissafin ɗaya ne. Sayi harawar wake da ta gyaɗa da kowar wake da karan dawa tun ana girbi, ka jibge su a inuwa, bisa katako, inda gara ba za ta kai ba.

Amma kara cika ciki kawai yake yi. Abin da ke zama madara shi ne dusa, tunkuza ko angurya, tare da gishirin lasa. Ma'aunin da aka saba aiki da shi: kilo 1 na haɗin ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi da saniyar ke bayarwa, bayan ta ƙoshi da harawa. Kada ka raba musu daidai wa daida, wadda ta fi cika ƙwarya ita za ta fi samu. Kuma ka shinshina dusar kafin ka biya. Wadda ta yi fumfuna, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin gubarta tana fitowa har a cikin madarar da yara za su sha.

Ruwa kuwa, kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Idan filin naka ba rijiya ko burtsatse, fara da wannan kafin ka taka Kara, kasuwar shanu.

Batun iri, ni dai Bokolo nake ba ka shawara, wato Gudalin Sakkwato. Ta san zafin nan, tana da sanyin hali, tana kuma da nono daidai gwargwado. Ruwa-biyu da aka haɗa da Friesian, irin na Turai, ta fi ta madara nesa, sai dai tana son inuwa da ruwa da abinci ba yankewa, kaska ma tana kayar da ita da wuri. Bari ka shekara da Bokolo, ka ga yadda yaran da ka ɗauka ke riƙon amana. Kuma ka sani yawancin shanunmu ba sa sakin nono sai ɗan maraƙin yana gefensu. Maraƙi ya mutu, tatsa ta tsaya. Saboda haka a bar shi ya sha dakashi sosai a sa'o'in farko bayan haihuwa, kuma kada kwaɗayin ciniki ya sa a riƙa tatse uwar ƙarƙaf.

Lafiya ita ce inda na fi ganin 'yan kasuwa suna ƙyashin kashe kuɗi, abin kuma yana damuna. Rigakafin ciwon huhu da boru (ciwon baki da kofato) da harbin daji bai kai kuɗin saniya ɗaya ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ma tana yin alluran a nan gida. Sabuwar saniya a ware ta kamar mako uku kafin ta shiga garke. Wadda aka ce ta taɓa ɓari a auna jininta saboda bakkale, ciwon da ke sa ɓari, domin yana kama mutum ta ɗanyar madara. Idan za su yi kiwo a fadamar Rima, a ba su maganin ciwon hanta a kan kari. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi, ka nemi likita ya riƙa leƙo ka, kada ka dogara da mai tallan allura a bakin kasuwa.

Kowace safiya mai tatsa ya wanke hannu da hantsa, ya matso ɗigon farko a baƙin faranti. Ya ga gudaji ko jini, ko ya ji hantsar da zafi, to ciwon hantsa ne, a tatse ta a ƙarshe, a kira likita. Idan an yi mata allura, madararta ba ta sayarwa ba ce sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Mai yogot da ka kai wa irin wannan madara, kayansa ba za su kama ba, kuma gobe wani zai nema.

Ka buɗe littafi, kowace saniya da shafinta: litar safe da ta yamma, ranar barbara, abin da ta ci. A daina tatsarta wata biyu kafin ta haihu. Bayan bazarar farko ka duba littafin, wadda ba ta biyan kuɗin dusarta ka kai ta kasuwar Achida ko Illela, ka musanya ta da karsana.