Amsa: Peugeot 504, fenti ko inji?

Malam, ka tambaya ko fenti za ka fara yi wa 504 ɗin Baba ko inji. Ni dai ba ko ɗaya. Fara leƙa ƙarƙashinta. Iskar Legas akwai gishiri, ga ambaliyar damina, tsatsa kan cinye ƙasan mota da gindin ƙofofi inji na nan garau. Samo mai walda ya zo gida ya yanke ruɓaɓɓen, ya sa sabon ƙarfe.

Sai birki da wayoyi. Kabureta kuwa wanki kawai take so, kada bakanike ya ruɗe ka ka sa mata injin Toyota, darajar motar ta tafi ke nan. In za ka kasuwar Ladipo da ke Legas sayen kayan gyara, riƙe tsohon a hannunka a gwada a gabanka.