Shingen 'ya'yan itace a gefen kwamin ninƙaya: abin da na gani da idona

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka gina kwamin ninƙaya a gidan gonarka da ke wajen Birnin Kudu, kana neman shingen da zai tare ido, yara kuma su samu abin tsinka. To ni da kuɗina na sayi wannan ilimin.

Namu kwamin yana lambu ne kusa da Tiga. Da muka gama shi, zumuɗi ya ɗebe ni na jera zogale a gabas da shi, taku uku daga bakin ruwa. Wayyo! Ganyen zogale kamar ƙwayar masara yake, iskar hunturu na kaɗawa sai ka wayi gari saman ruwan ya yi kore shar. Rariyar famfo kuwa kullum a toshe. Yaron lambu ya kwashe da koma har ya gaji, a shekara ta biyu na sa aka sare.

A nan na gane cewa gefen da ka dasa ya fi irin itacen muhimmanci. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin farkon damina ma daga gabas yake tasowa. Duk abin da ka dasa ta can, cikin ruwa zai zubar da kayansa. Ja shingen ta yamma da kudu, ka bar aƙalla mita 3 tsakaninsa da bakin ruwa. Gabas a yi mata katanga ko zana.

Yanzu rumman ne shingena, tazarar mita 1 da rabi tsakanin dashe da dashe. Yana jure zafin Afrilu, yana karɓar aski, saiwarsa ba ta kai ta fasa daɓe ba, ɗansa kuma ba ya faɗowa ya dame ƙasa irin na gwaba, balle ƙuda da zanzaro su taru. Yana da 'yar ƙaya a reshe, don haka in an yi aski a share wurin tas, tunda yara ba takalmi suke yawo. Da rani yakan kaɗe ganye, shi ya sa na ce yamma.

Mangwaro da darbejiya, kai su can ƙarshen gona. Lemon tsami ƙaya gare shi, kuma ba ya shiri da ruwan kulorin, wato maganin da ake zubawa don tsaftace ruwan kwami. Ranar wanke kwami kar a juya masa ruwan. Dabino saiwarsa ba ta ɓarna, kuma ga Dutse nan kusa da kai inda ake samun dashe mai kyau, sai dai ƙayar gindin ganyensa ta isa ta tsone ido.

Bini-da-zugu fa, Alhaji, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa. Masu lambu za su ce yana kamawa da wuri, gaskiya ne, amma ƙwayarsa guba ce, ga ta da gardi kamar gyaɗa. Ɗan maƙwabcinmu kwana ya yi a asibiti yana amai da gudawa a kanta.