Tambaya da Amsa: Shin "artificial" na nufin jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a Zariya. Abokina ya ce kalmar Turanci "artificial" jabu take nufi. To amma na ga an rubuta "artificial leg" a allon wani asibiti. Ƙafar jabu ke nan ake sa wa mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, gaya wa abokinka ya janye wannan fassara. Jabu abu ne da aka yi don a yaudari mai saye, shi kuwa wanda aka sa wa ƙafar roba ya san abin da aka sa masa, ba wanda ya cuce shi.

Asalin kalmar daga Latin ne: "ars", wato gwaninta ko sana'a, da "facere", wato yi. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarshen ƙarni na 14. Kishiyarta "natural". Amma akwai sharaɗin da ƙamus ba ya cika faɗa: sai abin yana da takwara a halitta kafin a kira shi "artificial". Mota da kujera duk ɗan Adam ya ƙera su, amma ba Baturen da zai ce "artificial car", domin babu motar da ke tsirowa a daji. Fure kuwa akwai na Allah, shi ya sa ake da "artificial flower".

Daga nan ma'anar ta rabu. Wani lokaci abin na gaske ne, hanyar samar da shi ce kawai ta mutum. Tafkin Tiga a Kano, wanda aka kammala madatsarsa a 1974, da na Kainji na 1968, da tafkin Volta a Ghana, duk "artificial lake" ne, alhali ruwansu ruwa ne, kifinsu kifi ne. A nan sai ka ce tafkin da ɗan Adam ya samar. Haka "artificial satellite", wanda Hausa ta daɗe da raɗa wa suna tauraron ɗan Adam. Wani lokacin kuma kwaikwayo ne da wani kaya daban, kuma a nan Bahaushe "roba" yake cewa ko da abin ba roba zalla ba ne: ƙafar roba, furen roba, ciyawar roba ta filin ƙwallo.

Sai ma'ana ta uku, wadda ita ce ta ɗan kusanci abin da abokinka ke nufi. Idan aka ce murmushin mutum "artificial" ne, yaƙe ne, bai kai zuci ba. Idan jarida ta rubuta "artificial scarcity", ana nufin ƙarancin da aka haddasa da gangan, kamar 'yan kasuwa su ɓoye mai ko hatsi don farashi ya tashi.

Tambaya: Malam, ina aikin fassarar labarai a gidan rediyo. "Artificial", "synthetic", "man-made" da "fake" suna rikita ni, musamman a labaran noma da lafiya.

Amsa: Malama, wannan tambaya tana da nauyi, domin kuskuren mai fassara a rediyo yana iya shiga gonar mutum. Ɗauki taki. "Artificial fertilizer" takin zamani ne. Yuriya, alal misali, a masana'anta ake haɗa ta daga ammoniya da iskar kabon, kuma kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne, abin da masara da dawa ke buƙata. Idan kika karanta wa manoma cewa gwamnati za ta raba "takin jabu", kin juya labarin gaba ɗaya. Takin jabu shi ne wanda aka cuɗa da yashi ko aka sa a buhun kamfanin da bai yi shi ba, kuma Turancinsa "fake" ko "adulterated". Haka maganin jabu da hukumar NAFDAC ke kamawa. Kuɗin jabu kuwa "counterfeit" aka fi ce musu.

"Synthetic" ya fi ƙunci. Abin da aka haɗa ta hanyar sinadarai ne, kamar nailon da kamfanin DuPont na Amurka ya samar a 1935, ko man injin da ake haɗawa a masana'anta. Tafki ba ya zama "synthetic", murmushi ma da wuya. "Man-made" kuma ya fi faɗi, bai damu da ko an kwaikwayi wani abu ba, kuma shi ake amfani da shi wajen bala'i. Ambaliyar da toshe magudanan ruwa ya jawo "man-made disaster" ce. Ki ce bala'in da mutane suka jawo da hannunsu. Wasu kafafen yanzu "human-made" suke rubutawa, ma'anar ɗaya ce.

Hanya mafi sauƙi kafin ki fassara: dubi sunan da ke bayan kalmar, ki tambayi kanki ko abin na gaske ne da mutum ya samar, ko kwaikwayo ne da kowa ya sani, ko kuwa akwai niyyar yaudara. Sai na ƙarshen ne kaɗai ya cancanci "jabu".

Ki kuma yi hattara da gajartawar AI. A labarin fasaha, "artificial intelligence" ce, wato ƙirƙirarriyar basira, sunan da masanin kwamfuta John McCarthy da abokan aikinsa suka sa a takardar da suka rubuta a 1955 don taron masana na 1956 a kwalejin Dartmouth ta Amurka. A bakin likitocin dabbobi kuwa, kamar na cibiyar binciken kiwo da ke Shika, AI na nufin "artificial insemination", wato ɗura wa saniya maniyyin bijimi ba tare da barbara ba. A rahoton kaji kuma tana iya zama "avian influenza", wato murar tsuntsaye. Kar ki fassara haruffan biyu sai kin karanta labarin har ƙarshe.

Tambaya: Ina koyar da Turanci a Maraɗi. Waɗanne kurakurai zan fi sa wa ido a rubutun ɗalibaina game da wannan kalma?

Amsa: Malam, ɗalibanka da Faransanci suka fara, don haka za su so su sa kalmar bayan suna, su kuma ƙara mata alamar jam'i kamar yadda ake yi a "fleurs artificielles". A Turanci gaban suna take zuwa, kuma ba ta canzawa: "artificial flowers". Da yake da wasali ta fara, "an" take ɗauka, ba "a" ba. A rubutu, harafin "i" da ke bayan "c" shi ne ke yawan ɓacewa, sai ka ga "artifical". A furuci gaɓa huɗu ce, a-ti-fi-shal, kuma a kan "fi" ake danna murya. Masu cewa "atifishiyal" sun ƙara gaɓar da babu ita.

Kalmar "very" tana shiga ne kawai a ma'anar hali ko kama: ana iya cewa muryar mai wasan kwaikwayo "very artificial" ce, amma ba a faɗin haka game da tafki ko tauraron ɗan Adam. Ka kuma koya musu cewa haƙoran roba "false teeth" aka saba ce musu, domin wasu sunayen sun riga sun zaɓi kalmar da suke tafiya da ita, sai dai a haddace su tare.